Babi na Shida: Wa Ke Riƙe da Bindiga, Wa Ake Harbi?

A ranar 2 ga Agusta, 2021, kamfanin Microsoft ya fitar da ƙari a kan wani tsohon wasan kwamfuta mai suna Age of Empires III. Wasa ne na yaƙi da gina daula. Kana farawa da talakawa kaɗan, ka sa su noma da saran itace da haƙar zinari, ka kafa gari, ka tara runduna, sannan ka far wa maƙwabci ko shi ya far maka. Tun fitowarsa a 2005 daulolin Turai ne suka cika shi, su Ingila da Faransa da Sifen da Rasha, tare da Turkawa, daga baya aka shigo da 'yan asalin Amurka da wasu ƙasashen Asiya. Ƙarin 2021 ya zo da al'ummomi biyu daga Afirka: Habashawa da Hausawa.

Wanda ya zaɓi Hausa, birninsa Kano ne, jagorarsa Sarauniya Amina. Manyan mahayansa 'yan lifidi ne, kuma da sunan lifidin aka bar su. Akwai maharba Fulani, akwai maroƙa, akwai wani gwarzon soja da ake kira Maigadi, akwai kasuwar dabbobi inda za ka sayar da shanu ka sami kuɗi ko itacen gini. In ka danna mutanenka don ba su umarni, da Hausa suke amsa maka. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ba ya bukatar a yi masa bayanin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Lifidi yana ganinsa duk hawan Salla a ƙofar fadar Lautai. Cinikin shanu kuwa, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana nan, inda dabbobi ke ƙetarowa daga Nijar a loda su a tirela zuwa Kudu.

Sai dai yaron Gagarawa, a nan ƙasar Gumel, da wuya ya taɓa ganin wannan wasa da idonsa. Yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi, da data mai yawa, da katin banki da zai yi sayayya a waje, da wutar da za ta zauna. Abin da yaron ya sani shi ne gidan gem: ɗan shago ko rumfa, talabijin biyu ko uku, benci, janareta yana ruri a baya ko faifan sola a kan rufi, ana biya ana buga ƙwallo, wanda aka ci ya tashi. In ba ƙwallo ba, to Mortal Kombat ne ko GTA. A waya kuma Free Fire ne da PUBG da Call of Duty, sai Ludo da su Candy Crush. Wasannin da suka san da zamanmu ba su iso gare shi ba, waɗanda suka iso gare shi kuma ba su san da zamansa ba. Daga nan tambayar wannan babi ta taso: shin masu ƙera waɗannan wasanni, akwai wani haƙƙi a wuyansu na su nuna jama'ar duniya yadda take, da launukanta da harsunanta da addinanta, maza da mata, masu lafiya da naƙasassu? Ko kuwa mai kaya ne, ya ƙera abin da ya ga dama, wanda bai so ba ya bari?

A Turai da Amurka an daɗe ana wannan gardama, har takan kai ga zage-zage da barazana. Ba kuma a kan banza ba. A 2009 wani malami mai suna Dmitri Williams da abokan aikinsa suka yi wa mutanen cikin wasanni ƙidaya kamar yadda ake ƙidayar jama'ar ƙasa. Sun duba wasanni 150 da suka fi kasuwa a Amurka, suka tarar kusan kashi 85 cikin ɗari na mutanen ciki maza ne, kusan kashi 80 farar fata. Baƙaƙe sun fi yawa a wasannin motsa jiki da kuma rawar 'yan daba. Abubuwa sun ɗan sauya tun daga lokacin, amma yawancin abin da ake bugawa a gidajen gem na karkararmu kayan wancan zamanin ne. GTA San Andreas, wanda har yanzu yara ke rububinsa, na 2004 ne. Jarumin cikinsa baƙi ne, CJ, kuma sana'arsa daba ce da satar mota.

Amsata kashi biyu ce, kuma zan fara da wadda wasu abokaina ba sa son ji. Ba na ganin wajibi ne kowane wasa ya ɗauki kowa da kowa. Mu 'yan Najeriya mun san tsarin raba daidai. Kundin tsarin mulki na 1999 ya wajabta shi, har da hukuma guda da ke lura da cewa muƙaman gwamnatin tarayya ba su taru a hannun yanki ɗaya ba. Wannan daidai ne, domin gwamnati ta kowa ce, da harajin kowa da arzikin ƙasar kowa ake tafiyar da ita. Wasa ba ma'aikatar gwamnati ba ne. Aikin ƙirƙira ne, kamar littafi ko fim, kuma mai ƙirƙira yana da 'yancin ya tsaya a kan garinsu. A 2018 wani kamfani a ƙasar Cek ya fitar da Kingdom Come: Deliverance, labarin ɗan maƙeri a karkarar Bohemiya a shekarar 1403. Aka yi ta sukarsa don babu baƙar fata a ciki. Masana tarihi suna iya jayayya a kan su wa suka ratsa waɗannan ƙauyuka a wancan ƙarni, amma ni ban ji an zalunce ni ba don ban ga Bahaushe a can ba. Gobe in wani yaro daga Sule Tankarkar ya ƙera wasan dambe, ba zan yarda wani ya ce sai ya sa Bature da Basine a fili kafin a karɓa ba. Ƙa'idar da ba za mu so a ɗora mana ba, kada mu ɗora wa wasu.

Akwai ma wata illa a cikin cike gurbi. In kamfani ya ji tsoron suka, sai ya ɗauko mutum ɗaya baƙi, ya sa masa suna mai kama da na Afirka, ya rataya masa duwatsun wuya, ya tsayar da shi a gefe ba shi da uwa ba shi da gari. An cika lissafi, amma ba a nuna kowa ba.

Kashi na biyu na amsar shi ne wanda ya fi damuna. Ba dole ne ka sa mu a wasanka ba. Amma ranar da ka ɗauki ƙasarmu, ko fuskarmu, ko addininmu, ka zuba a cikin hajarka ka sayar, to ka ɗauki amana, kuma a nan wajibin yake. Kamar dillali ne a kara: ba wanda ya tilasta masa ya karɓi sanka, amma da zarar ya kama igiyar, ba shi da damar ya yi masa sharrin ciwon da ba ya da shi don dabbar wani ta fi daraja.

Wannan amana ta fi nauyi a wasa fiye da a fim, saboda wani dalili da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Mai kallon fim yana zaune ne ana nuna masa. Mai buga gem shi ne ke aikatawa. Wasan yana ba shi jiki guda ya ce wannan kai ne, sannan ya turo masa wasu jikuna ya ce waɗannan ka harbe su, ya kuma ba shi maki a kan kowane ɗaya da ya faɗi. Fim awa biyu ne ya ƙare. Wasa ana iya shafe watanni ana maimaita shi. Saboda haka tambayar da ta fi "mutum nawa baƙaƙe ne a ciki" muhimmanci ita ce: wa aka ba ka ka zama, wa kuma aka ba ka ka kashe?

A 2007 kamfanin Capcom na Japan ya nuna tallan Resident Evil 5. Abin da duniya ta gani shi ne Bature ɗaya ƙaƙƙarfa, Chris Redfield, a wani gari na Afirka mai ƙura da kwano da rana, yana harbin cincirindon baƙaƙe da cuta ta mayar dodanni. Masu kare wasan suka ce ai wanda ya gabace shi a ƙauyen Sifen aka yi, Turawa aka harba, ba wanda ya yi magana. Gaskiya ne. Amma hoton Bature da bindiga a gaban taron baƙaƙe da aka cire wa hankali yana da tarihi. Mu nan mun san bindiga mai ruwa da abin da ta yi a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, da Satiru da Haɗeja a 1906. Da wasan ya fito a 2009 akwai wata jaruma 'yar Afirka, Sheva Alomar, a gefen Baturen, amma garin ƙagagge ne, Kijuju, kuma can gaba a cikin wasan sai ga mutane da bante da mashi da fentin jiki. Far Cry 2 na 2008 ko sunan ƙasa bai ba da ba: wata ƙasa ce kawai a Afirka, yaƙin basasa, lu'ulu'u, zazzaɓin cizon sauro. A jerin Call of Duty kuwa, tun daga Modern Warfare na 2007, sau da yawa abokin gaba mutum ne mai rawani da ke ihu da Larabci a wani gari mai masallatai.

Ka tsaya a bayan yaro mai suna Abdullahi ko Mamman a gidan gem yana buga irin wannan. Sojan da yake tuƙawa ba ya kama da kowa a danginsa. Waɗanda yake kakkaɓewa su ne masu kama da liman da ladan da kawunsa da ya dawo daga aikin Hajji. Ba ina cewa wasa zai mai da shi mai kisa ba ne. Wannan zargi ne mai sauƙin yi, kuma ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce darasin da ake karanta masa ba da baki ba, cewa jarumi daga can yake zuwa, mu kuwa filin da ake yin jarumtar ne. Akwai kuma ɗaya yaron, na Jamus ko Koriya ko Barazil, wanda bai taɓa haɗuwa da Bahaushe ko Musulmi ba, wanda iyakar Afirkar da ya taɓa takawa ita ce ta cikin allo. Masu buga wasanni a duniya sun haura biliyan 3, kuɗin da sana'ar ke juyawa a shekara ya haura dala biliyan 180. Wannan ba ƙaramar makaranta ba ce.

A kan addini, sakacin ya sha fitowa fili. A 2012 aka janye wani fili a Modern Warfare 2 bayan an gano an rubuta wani hadisi a jikin firam ɗin hoto, an kuma rataye shi a banɗaki. A Nuwamba 2021 sai ga shafukan Alƙur'ani warwatse a ƙasa a cikin Call of Duty: Vanguard, kamfanin ya cire ya ba da haƙuri. Ba na zaton wani ya zauna ya shirya cin mutunci. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne mai zane ya ga rubutun Larabci ya ɗauke shi ado, kuma a cikin ɗaruruwan ma'aikatan da aikin ya ratsa hannunsu ba a sami wanda zai karanta ya ce a dakata ba. Wato matsalar ba a allo ta fara ba, a ɗakin da ake yin aikin ta fara. Akwai kuma wani misali da ya fi waɗannan sarƙaƙiya. A Oktoba 2008 Sony ya janye LittleBigPlanet daga shaguna ana gab da fara sayarwa, saboda wata waƙa da ke ciki tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. Mai waƙar shi ne Toumani Diabaté, shahararren makaɗin kora na Mali, Musulmi, wanda a wurinsa wannan ba rashin ladabi ba ne. Kamfanin ya nufi alheri da ya ɗauko kiɗan Afirka ta Yamma, sai ya tarar Musulmi ma ba ra'ayinsu ɗaya ba. Nuna jama'a da gaskiya aiki ne na tambaya da sauraro, kuma ba ya ƙarewa da tambayar mutum ɗaya.

To, mu koma ga waɗanda suka yi ƙoƙari, domin sun cancanci a yaba musu, sannan a faɗa musu inda suka tsaya. Kamfanin Paradox na Suwidin ya sa Kano da Katsina da Zazzau a matsayin ƙasashen da za ka iya mulka a Europa Universalis IV. A Crusader Kings III na 2020, cikin sarakunan da wasan ke ba sabon ɗan wasa shawarar ya fara da su akwai Daurama ta Daura, an ajiye ta a shekarar 867, addininta kuma an kira shi Bori. A Fabrairu 2025 Civilization VII ya fito da Amina cikin shugabannin duniya, tana magana da Hausa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma a lura. Labarin Daurama da Bayajida ba shi da shekara a bakin masu ba da shi, wasan ne ya yanka masa. Ita ma Amina masana sun saɓa a kan zamaninta, wasu sun ce ƙarni na 15, wasu na 16. Sannan lokacin da Civilization VII ya fito babu ƙasar Hausa a cikinsa, don haka Amina takan jagoranci Aksum ta Habasha ko Songhai. An ɗauki sarauniyar an bar mutanenta. Haka ma Doomfist, wanda aka shigar cikin wasan Overwatch a 2017: ɗan Najeriya ne mai suna Akande Ogundimu, tarihinsa ya ce ya koyi dambe, yana kuma faɗa da ƙaton hannu guda. Amma babu kalangu, babu kirari, babu mahauta, babu Kudu da Arewa da Guramada, babu abin da ya sa Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa. An ɗauki naushin kawai.

Wannan ya kawo mu gida, inda maganar ta fi daɗi kuma ta fi ciwo. In baƙo ya ce "Hausa", yana ganin abu guda ne dunƙulalle: Kano, Amina, Shehu Usmanu. Ƙasar Gumel ba ta shiga wannan hoto. Gidan sarautarta na Mangawa ne, an kafa shi wajen 1750. Jihadi bai ci ta ba, ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba, Barno take bi. Fadar ta taɓa zama a Tumbi, wadda yau take cikin Nijar, kafin ta dawo Gumel a 1845. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya ratsa garin a 1851. Ƙasa ce da ta rayu a tsakanin manya: Barno a gabas, Damagaram ta Tanimu da igwoginsa a arewa, Haɗeja ta Buhari a gefe, Kano a yamma, har zuwan Turawa a 1903. Daga baya layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratso ta Gagarawa, gyaɗa ta bi shi, yau kuma riɗi da zoɓo ne ke fita. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Fulatanci da Barbarci, ga Buzaye, ga 'yan Kudu masu sayen dabbobi. Duk mai son wasan dabarun mulki, na ƙawance da cin amana da biyan gandu da tsare iyaka, ga kayan aiki nan a zube. Ba wani kamfani a Suwidin ko Amurka da zai tono wannan, kuma ban ga laifinsa ba. Ba kakansa ba ne.

Kafin mu ɗaga murya da yawa a kan baƙi, ya kamata mu dubi yadda mu muke nuna junanmu. A Legas akwai kamfanin Maliyo, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, yana cikin na farko-farko da suka ƙera wasannin waya da rayuwar Najeriya, kuma abin yabo ne. Ɗaya daga cikin wasanninsa sunansa Aboki Run. Duk ɗan Jigawa da ya yi ci-rani a Legas ko Fatakwal, yana tura baro ko gadi ko sayar da rake, ya san da wace murya ake kiransa da wannan suna a titi, ko da masu wasan zumunci suka nufa. Mu ma ba mu tsira ba. Shekara nawa finafinan Hausa suna nuna baƙauye a matsayin wawa, Bafulatanin daji a matsayin wanda bai san komai ba sai saniya, Bamaguje abin dariya, Inyamuri mai gurɓatacciyar Hausa da son kuɗi, makaho da gurgu kuma sai bara? Mutumin Gagarawa, a idon fim ɗin birni, shi ne baƙauyen. Amanar da muke nema daga Capcom ita ce ake nema daga Kannywood, kuma ita za a nema daga duk yaronmu da zai fara ƙera wasa.

Ga wani abin lura kuma. Kamfanoni uku daban-daban, da suka tashi zaɓar wanda zai tsaya a madadin Hausawa, mata suka zaɓa, Amina da Daurama. Amma leƙa gidan gem a kowane gari a masarautar nan, ba za ka ga yarinya ba. Akwai dalilai na tarbiyya da na tsaro da na fahimta, ba kuma ina kiran a cakuɗa yara a shago ba ne. 'Yan mata suna wasa, a wayar uwa ko ta yaya, a cikin gida. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a buɗe ajin koyon ƙera wasanni a ce wannan harkar maza ce, a sake rufe ƙofa a kan rabin masu basirarmu da rabin labaranmu.

Me ya sa manyan kamfanoni ba sa ganinmu? Ƙiyayya ba ita ce babbar amsa ba, lissafi ne. Tun a 2011 wasan ƙwallon FIFA ya fara zuwa da sharhi da Larabci, domin matasan Saudiyya da Daular Larabawa suna sayen wasan da kuɗi mai kauri. Mu kuwa yawancin abin da muke bugawa kwafi ne da aka loda a kasuwa, ko wasan waya na kyauta. A littafin cinikin kamfani, gidan gem na Gagarawa babu shi, ko da yara hamsin sun wuni a ciki. Shi ya sa za ka sami Kaizer Chiefs da Orlando Pirates na Afirka ta Kudu a wasu fitowar FIFA, amma babu gasar Najeriya, babu Kano Pillars, balle Jigawa Golden Stars. Ahmed Musa ya ci ƙwallaye 18 a gasar gida a 2010 yana Pillars, amma sai da ya tafi Turai, ya bi ta Holan da Rasha har Leicester, sannan yaran Arewa suka riƙa samunsa a ƙungiyoyin cikin allo. Abin da matasa ke yi shi ne su shiga sashen gyara na wasan, su sauya wa wata ƙungiya suna da riga, su rubuta sunayen 'yan unguwarsu. Wannan ɗan aikin da suke yi da hannunsu ya isa shaida cewa ƙishin ganin kai gaskiya ne, ba ra'ayin da aka shigo mana da shi daga waje ba.

Wasu al'ummomi sun daina jira. 'Yan ƙabilar Inupiyat na Alaska ba su kai mutanen ƙaramar hukuma ɗaya a Jigawa yawa ba. Wata majalisar 'yan asalin yankin ta zuba kuɗinta, ta haɗa kai da ƙwararru, aka zauna da dattawa da masu ba da tatsuniya, a 2014 aka fitar da Never Alone, labarin wata yarinya da dilar ƙanƙara, ana ba da shi da harshensu. Ya ci lambar yabo ta BAFTA a Ingila a 2015. A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun yi fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari har suka fitar da Aurion a 2016. A Gana da Kenya akwai Leti Arts tun 2009. Ba ɗayansu da ya fara da abin da ya fi ƙarfin Jigawa.

Jihar nan tana da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure tun farkon shekarun 2000, lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin haka ba. Akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, akwai Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, akwai Kwalejin Ilimi a cikin Gumel, inda ake da malaman Hausa da na tarihi. Manhajar Godot da ake ƙera wasanni da ita kyauta ce, tana kuma tashi a kan kwamfutar da ba ta da tsada. Ba sai an fara da babban yaƙin Gumel da Damagaram ba. A fara da dara, mai gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wadda tsofaffi ke yi a gindin bishiya jikokinsu ba su iya ba, a sa ta a waya da Hausa yadda mutum a Maigatari zai kara da wani a Damagaram. A yi wasan fatauci, ka sayi ɗan maraƙi ka yi kiwo ka kai kara ka yi ciniki da dillali. A yi na ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a nan Najeriya, inda naƙasasshe zai zama shi ne gwanin da kowa ke so ya zaɓa. A yi langa, a yi carafke, a yi Gizo da Ƙoƙi.

Hukuncina dai shi ne: kamfanonin waje ba su da wajibin sa mu a kowane wasa, amma suna da wajibin gaskiya da ladabi duk lokacin da suka taɓa mu, kuma haƙƙinmu ne mu yi magana da ƙarfi in sun saɓa. Sauran aikin namu ne. Ina kira ga shugabannin waɗannan makarantu da su haɗa ɗalibin kwamfuta da ɗalibin Hausa da mai zane a kan aikin kammala karatu guda, maza da mata. Ina kira ga masarautar Gumel da ta buɗe wa irin waɗannan yara ƙofar maroƙanta da masu riƙe da tarihinta tun suna raye. Attajiran riɗi da na shanu kuma, kuɗin sa biyu ya isa ya sayi kwamfutocin da rukunin farko za su fara da su. Kai kuma uba, in ka tarar da ɗanka a gidan gem, kafin ka kore shi gida, tsaya ka dubi allon, ka tambaye shi wane ne shi a ciki, su wa kuma yake harbi.